Kujera Biyu Zuwa Ƙasar Ƙanƙara

A shekarar da aka canza takardun kuɗi, lokacin da mutum zai wuni a bakin banki da kuɗinsa a ciki amma ya koma gida bai sayi ko mudun gero ba, a shekarar ne kuma, tun mutane ba su gama miƙewa ba, aka janye tallafin man fetur. Hawa mota daga ƙauyenmu zuwa Ɗambatta ya zama abin da sai magidanci ya yi shawara da iyalinsa. Gidaje da yawa sun koma cin abinci sau ɗaya, wasu kuma suna hura wuta ne kawai don kada maƙwabta su ga babu hayaƙi. To, a daminar wannan shekarar, ana tsakiyar noman farko, waya ta zo mana daga Kanada.

'Yata ta fari ce a can tare da mijinta, shekara tara ke nan. Mijin yana aikin asibiti a wani gari can arewacin ƙasar, inda ya ce ko su 'yan ƙasar ba sa son zama saboda sanyi, shi ya sa ma bai sha wahalar samun aikin ba. Ɗan maƙwabcina Alhaji ne. Ni da Alhaji tare muka tashi, muka fara karatu a gaban malami ɗaya. Ni na ci gaba har na iya riƙe alƙalami, shi ya ajiye allo ya kama awon hatsi. Gonarsa tana jingine da tawa, layin gamba ne kaɗai tsakaninmu, kuma duk shekara sai na lura layin ya ɗan matso ta wajena. A wajenmu gona a kan gona take, babu inda ƙasa take hutawa, saboda haka taƙi ɗaya ma magana ce. Ban taɓa kai shi gaban dagaci ba. Na bar shi da Allah, na kuma riƙe abin da na sani game da shi. A waɗannan shekarun na wahala shi kaɗai ne a unguwarmu ya yi ƙiba, domin rumbunansa a rufe suke har sai farashi ya kai inda yake so.

Abin da surukina ya faɗa a wayar shi ne, Allah ya ba matarsa ciki bayan shekara tara ana jira, kuma likitoci sun ce haihuwar za ta faɗo wajen watan Rajab, wato tsakiyar sanyinsu. Ya ce ya daɗe yana tari, ya samu abin da zai isa kujera biyu a jirgi, ba uku ba. A zaɓi mutum biyu, a aika masa da sunayensu kafin a yanke gero, domin neman biza yana cin lokaci.

Sai na koma baya kaɗan. Lokacin da yaran za su tafi, mai ɗakina ba ta so ba. Ta daina cin abinci, kowa ya gani. Abin da yake damunta babu macen da ba ta sani ba a garin. A al'adarmu, yarinya idan za ta yi haihuwar fari gida take komawa, uwarta ta yi mata wankan jego kwana arba'in, safe da yamma, da ruwan zafi da ganye, ta dama mata kunun kanwa, ta gasa wa jariri cibiya. Wa zai yi mata wannan a ƙasar da ba ta da kowa? Alhaji ne ya zo zaurena a lokacin, ya tsaya daidai ƙofar shiga cikin gida, ya ɗaga murya yadda za ta ji, masu wucewa ma su ji, ya ce:

"Innar yara, ki kwantar da hankalinki. Duk ranar da Allah ya kawo haihuwa, ko a bangon duniya ne, hannunki ne zai yi mata wanka. Wannan bashi ne a wuyana."

Alhaji yana son irin wannan maganar, mai girma a baki, wadda ranar cika ta take da nisa. Ni dai na ji, ita ma ta ji, a ranar ta ci tuwo.

Wanda bai san matanmu ba zai ɗauka mai ɗakina ba ta damu da yarinyar ba. 'Yar fari ce, kuma uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Tun da ta haife ta ban taɓa jin ta kira sunanta ba. Da tana ƙarama "ke" take ce mata, da ta yi aure ta koma "matar gidan Alhaji". Idan yarinyar ta kira waya, uwar sai ta tambaye ta ko an yi ruwa a can, ta miƙa wa wani wayar, ta tashi ta shiga madafa, ta tsaya inda za ta ji muryar. Shekara tara haka. Ranar da labarin cikin ya zo, abin da ta ce kawai shi ne Allah ya raba lafiya, sannan ta zauna ta tsince wake mudu guda wanda da ma a tsince yake.

Ba a kwana ba, bayan la'asar, Alhaji ya shigo zaurena da fara'a, haƙorin Makkansa yana ƙyalli. Ya ce ya riga ya gama lissafi. Kujera ɗaya tasa ce, tunda shi ne uban gida, kuma shi ne ya saba da jirgi, ya je Makka sau uku. Ɗayar kuma tawa ce, domin a samu wanda zai raɗa wa jariri suna, ya kuma duba masa al'amarin salla a ƙasar da babu kiran salla. Na zuba masa ido. Da ya ga kallon ya yi yawa, sai ya tashi ya je daidai inda ya tsaya shekara tara da suka wuce, ya ɗaga murya:

"Innar yara, ko kina da sha'awar zuwa?"

Ta amsa daga ciki: "Ni me zan je yi, Alhaji? Ku je ku dawo lafiya."

Ya juyo ya buɗe mini tafin hannuwansa biyu, wai na ji dai da kunnena. Babu wata amsa da za ta iya bayarwa sai wannan, kuma ya sani. Mutumin da ya shekara hamsin yana gane mai saye daga yadda yake damƙar hatsi ba zai ce bai gane muryar nan ba. A lokacin na ji raininsa ya cika mini ciki, irin wanda ban ji ba ko a kan layin gamba.

Amma in na ce ni na yi wani abin kirki a ranar, na yi ƙarya. Na tsaya ina juya abin a raina. In na ce na bar mata kujerata, ba ta tafiya, domin Alhaji ba muharraminta ba ne, ba za ta ratsa duniya da shi ba. Matarsa kuwa ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Ko dai ni da shi, ko ni da ita. Kujerar da ake buƙata tasa ce, kuma kuɗin na ɗansa ne. Ni uban yarinya ne, irin kunyar da take kan mai ɗakina akwai rabinta a kaina. Da wane baki zan ce wa suruki ya sauka matata ta hau? Ga shi kuma, ko ta yaya aka juya, tawa kujerar ba ta motsi. Wannan ma ya taimaka wa shiruna, Allah ya yafe mini.

Daga nan Alhaji ya shiga shiri, garin duka ya shiga uku. Ya tafi Kano wajen masu gwanjo ya sa aka kwance masa dila guda, ya zaɓo wata rigar sanyi baƙa mai kauri kamar katifa, wadda take kai masa har idon sawu. Ya sayo hula mai kunnuwa, da safar hannu wadda in ya sa ba ya iya jan carbi, da takalmi mai gashi a ciki wanda ya fi ƙafarsa da yatsa uku. Ni ma ya sayo mini tawa rigar, amma ya tabbatar ba ta kai tasa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne hoto. Ya ce ba zai yiwu a ɗauke shi a kan dusar ƙanƙara da kayan Nasara ba, mutanen gari su kasa gane shi. Saboda haka ya sa tela ya ɗinka masa babbar riga mai faɗin da za ta hau kan rigar sanyin, shadda mai tsada, a shekarar da maƙwabcinsa na bayan gida ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe.

Wata rana da yamma ya sa kayan gaba ɗaya ya fito majalisa, gindin darbejiyar da dattawa suke zama a ƙofar masallaci. Damina ce, an yi ruwa da safe rana ta buɗe, ƙasa tana turiri. Ya taho yana tafiya kamar buhun da aka yi wa ƙafafu, gumi yana ɗiga daga kunnuwan hular. Ya kasa zama a kan tabarma, sai da aka kawo masa turmi aka kifa. Ya riƙa ba mutane labarin ƙasar da bai je ba: wai in ka watsa ruwa sama ba ya dawowa ƙasa da sunan ruwa, wai gemu yana daskarewa ya karye. Masu bin sa don ya buɗe musu rumbu suna ta jinjina kai. Wani dattijo, makaho ne, bakinsa ba ya tsoron kowa, ya tambaya wai me yake wari kamar an jiƙa tunkiya. Aka ce Alhaji ne. Ya ce to Allah ya kai shi lafiya, ya kuma daɗe a can.

Ni nawa shirin na littafi ne. Surukina ya gaya mini a lokacin sanyi rana takan fito musu a makare ta faɗi da wuri, ka yi azahar, kafin ka gama lazimi la'asar ta shiga, magariba tana biye. Na koma kan littattafan fiƙihu ina duba babin lokuta da na tsarki, har na tarar malaman mazhabarmu tun da can sun yi maganar taimama a kan ƙanƙara, na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da su. Na je wajen baduku ya auna ƙafata ya ɗinka mini huffi, wato safar fata wadda shari'a ta yarda a shafa a kanta maimakon wanke ƙafa a alwala. Da Alhaji ya gani ya ce shi ma a yi masa, amma ja, kuma a yi masa ado da zare. Na yi masa bayani sau uku cewa sai ya sa shi da cikakkiyar alwala sannan shafar take inganta. Duk ukun yana sauraro ne yana juya ƙafarsa yana kallon adon.

Sai kuma dabara ta zo masa. Ya ce bai kamata mu faɗa wa sanyin nan kai tsaye ba, mu da shekaru sun ja, gara jiki ya fara sabawa tun a gida. Akwai wani mai sayar da kifin ƙanƙara a Ɗambatta yana da ɗakin ajiya, wani akwatin ƙarfe babba mai ƙofa kamar ta rumbun gwamnati. Alhaji ya shirya da shi, ranar kasuwa ya ɗauke ni muka tafi, da kayansa a buhu. Ya shirya a bayan shagon, har da babbar rigar a sama, ya ba ni agogonsa ya ce in tsaya a bakin ƙofa in riƙe masa lokaci. Na ce ni ba na shiga, gwiwata ba ta son wasa. Ya ce da ma ya san malamai ba su da jini.

Aka buɗe ƙofa, wani ƙarni ya fito ya doke mu. Na leƙa na ga ruwa kwance a ƙasa, kwalayen kifi sun jiƙe sun lanƙwashe. Alhaji ya shiga ya zauna a kan kwali ɗaya, ya yi bisimilla, aka rufe shi. Ina tsaye da agogo, mai kifin ya matso kusa da ni yana sosa ƙeya, ya ce mini a hankali:

"Malam, gaskiya injin a kashe yake tun jiya da yamma. Mai ya gagare ni. Sai in ga kifin zai lalace nake tayar da shi."

Na tambaye shi ko ya gaya wa Alhaji. Ya ce ya so ya faɗa, amma Alhaji bai bar masa wurin magana ba.

Da minti goma sha biyar ta cika na sa aka buɗe. Alhaji ya fito sharkaf da gumi, bayan shaddarsa ya sha ruwan kifi, fuskarsa cike da nasara. Ya ce ashe duk surutun banza ne, Turawa ragwaye ne, shi da ya kwana a Muzdalifa a kan tsakuwa wannan ba komai ba ne. A mota na gaya masa abin da mai kifin ya ce. Ya ce hassada ce irin ta wanda ya tsaya a waje. Mutanen da ke cikin motar kuwa kowa ya juya hancinsa wajen taga har muka sauka. Kafin sati ya zagayo, labarin da ke yawo a majalisa shi ne Alhaji ya yi awa guda a cikin ƙanƙara bai ko yi tari ba, kuma daga bakinsa labarin ya fito.

Duk wannan abin da ake yi, a cikin gidana ma ana wani shirin, ba tare da an ce ana yi ba. Na fara ganin ganye a shanye a kan rufin rumbu a duk ranar da rana ta buɗe, na darbejiya da na tsamiya, an baza su a kan tabarma ana juyawa. Na ga an daka yaji da citta da kanumfari da kimba da masoro, an tankaɗe, an ɗure a gwangwani. Na ga kanwa an zaɓe ta an ƙulle a tsumma, da daddawa, da kuka, da gero surfaffe. An ɗinka 'yan zannuwa masu taushi daga tsohon zanin da mai ɗakina ta fi so. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ce ba. Gero kuwa ya fitar da kai a gona, ya fara nuna. Surukina ya kira sau biyu yana tambayar sunaye, Alhaji ya ce masa ai an gama magana, ranar Juma'a mai zuwa zai sa a tura masa hotunan fasfo.

Ranar Litinin da hantsi ina zaune a tsakar gida ina gyara alƙalami, mai ɗakina ta fito da ƙullin kayan nan ta ajiye a gabana. Ta zauna ta ba ni gefe, fuskarta tana wajen katanga, ta ce in ɗauko takarda da tawada akwai abin da zan rubuta. Na ɗauko. Ta fara faɗa ina rubutawa da ajami, kamar yadda nake rubuta wa mutane wasiƙa tun ina saurayi.

Ba ta ce "'yata" ko sau ɗaya ba. "Mai jego" take cewa. Yadda za a tafasa ruwa da ganye, a bar shi ya sauka har hannu ya iya jurewa, domin ta ji ana cewa likitocin yanzu suna faɗa a kan ruwan da ya yi zafi da yawa. Yadda za a ɗaure ganyen a tsoma a riƙa watsa wa mai jego, daga kafaɗa a gangaro, da inda za a daɗe da inda za a bi a hankali. Yadda za a danna mata ciki da tsumma mai ɗumi, da yadda za a ɗaure shi da zani. Kanwa kaɗan a kunu, kada a cika. Abin da za a yi in nono ya yi tauri ya ƙi zuwa. Yadda ake gane jinin da yake na al'ada da wanda za a gaggauta kai ta asibiti. Ta faɗi wasu abubuwan da ni da na shekara kusan arba'in da ita ban san ana yi ba, alƙalamina yana tafiya kunnuwana suna zafi. Takarda ta cika gaba da baya. Na ɗauka ta gama, sai ta ce:

"Ka ƙara wannan. Kada a bar ta ita kaɗai tsakanin la'asar da magariba. A lokacin ne kuka yake zuwar wa mai haihuwar fari, kuma ba za ta faɗa ba."

Na rubuta. Na ce mata ai ta san yarinyar boko ta yi, ba ta karanta ajami, mijinta ma haka. Ta miƙe tana kakkaɓe zaninta, ta ce ai ni na iya, ta shige madafa. Har yau ban tambaye ta ko da nufi ta yi ba.

Na daɗe zaune da takardar a hannuna. Bayan azahar na naɗe ta na tafi gidan Alhaji. Na same shi shi kaɗai a zaure, ya baza rigar sanyin a kan kujera yana fesa mata turare, ƙarnin kifin da turaren sun haɗu sun zama wani abu na uku. Bayan gaisuwa na ce masa na kawo saƙon da za mu tafi da shi, gara mu raba aikin tun yanzu. Ya ce in karanta, yana ci gaba da fesawa.

Na fara karantawa, a hankali, ban tsallake komai ba. A wajen tafasa ruwa yana gyaɗa kai. Da na kai kafaɗa na fara gangarowa ya ajiye kwalbar turaren. Da na kai maganar nono ya ce a'uzu billahi, Malam, ya isa. Na ce saura rabi, na juya bayan takardar na ci gaba har layin ƙarshe.

Na ce: "To, ka ji. Babu mai karanta wannan a can sai ni. Ni kuwa ka sani 'yar fari ce, ko ido ba ma haɗawa, ba zan tsaya a gabanta in faɗi wannan ba. Saboda haka zan riƙa biya maka kullum har ka haddace, in mun je kai ka faɗa mata. In ya so ni in tafasa ruwan, kai ka riƙe ganyen."

"Surukar tawa?" Ya dube ni kamar na zage shi. "Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani. Shekara tara da suka wuce, a zaurena, ka faɗi hannun da zai yi wannan aikin. Na duba hannunka na duba nawa, ban ga shi ba."

Ya ce ai ya tambayi mai ɗakina a gabana, ita da bakinta ta ce ba ta zuwa. Na ce haka ne. Sannan na tambaye shi ko marigayiya matarsa ta taɓa kiran sunan ɗan nan nasa, wanda shi ma na fari ne, ko sau ɗaya har ta koma ga Allah. Na tambaye shi, da ita ce a bayan katangar nan aka yi mata wannan tambayar, me za ta ce. Ya zauna a kan rigar sanyin bai ma lura ba. Na ajiye masa takardar a gefensa, duk da na san ba ya iya karanta ko baƙi ɗaya a ciki, na yi masa sallama na fita.

Kwana uku bai zo majalisa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji yana gaya wa mutane cewa ya je asibiti a Kano, babban likita ya auna shi ya hana shi shiga ƙasar sanyi saboda hawan jini, har ya ce da ya je da gawarsa za a dawo. Ya ce abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma mumini ba ya jayayya da ƙaddara. Na san ko tasha bai je ba a kwanakin nan. Makahon nan ya tambaya wai shi likitan bai ji labarin awa guda a cikin ƙanƙara ba ne. Ni dai na bar masa likitansa, tunda da shi yake rufe jikinsa.

Da la'asar ya zo zaurena da ƙulli a hammata. Ya kira ɗansa a waya a gabana, ya ce masa an sauya, Malam ne zai zo da iyalinsa, ranar Litinin za a kai ta Kano a fara neman fasfo. Na ji muryar yaron ta canza, sannan na ji wata muryar a bayansa, ta mace, ta fara magana ta kasa ƙarasawa. Alhaji ya kashe wayar da sauri. Ya kwance ƙullin, sai ga rigar sanyin nan baƙa, an kai ta wajen tela an rage mata tsawo da hannuwa. Ya miƙe ya je bakin ƙofar shiga cikin gida. A wannan karon bai ɗaga murya ba, har sai da ya maimaita sallama sannan ta ji.

"Innar yara, na zo da bashin nan. Na jinkirta, ki yi haƙuri."

Muka tsaya muna jira. Ina jin ta ajiye taɓarya ta jingina da turmi. Ta matso bayan ƙofar, ba ta fito ba, ta miƙo hannu ɗaya ya ɗora mata rigar.

Ta ce: "Na karɓa, Alhaji. Babu sauran komai tsakaninmu. Allah ya sauke maka nauyi ranar da ake neman mai saukewa."

Ya ce amin, ya juya yana neman takalmansa. Ita kuwa ta kai rigar hancinta, ta nisanta ta da jikinta, ta wuce da ita wajen igiyar shanya, kusa da inda ganyen yake bushewa.